Kafin Mai Jego Ta Shiga Ɗakin Kwalba: Yadda Ake Koyar da Iyayen Bakwaini da Tabarau

Idan aka haifi bakwaini a Sabha, ko jaririn da numfashi ya ƙi zauna masa, inda ake nufa da shi shi ne sashen jarirai na Cibiyar Lafiya ta Sabha, babban asibitin da kudancin Libiya ya dogara da shi, wanda har daga Murzuk da Ubari ake turo masa marasa lafiya. A can za a sa shi a kwalba, wadda ma'aikata ke kira hadana. Uwar kuwa, in tana cikin matanmu da suka zo daga Damagaram, Tawa, Maraɗi ko Kano suka zauna a unguwar Hajara ko Gurda ko Mahdiya, sau da yawa Larabcinta na cefane ne, bai kai na asibiti ba. Za a yi mata bayani da sauri, ta gyaɗa kai don kunya, sannan ta ja ta tsaya nesa da kwalbar tana kallon ɗanta cikin wayoyi da robobi. Na'ura za ta yi ƙara, gabanta ya faɗi, ba ta san ko ran yaron ne ke fita ko wata waya ce kawai ta zame daga ƙafarsa ba. Wata sai a yi kwanaki ba ta kai hannu jikinsa ba, alhali ɗumin jikinta da nononta suna cikin manyan abubuwan da za su raya shi.

Wannan jagora ta nas ce, da tafinta, da duk wata ƙungiyar mata ta unguwa da ke son rage wannan tsayuwa nesa. Kayan aikin shi ne tabarau na kamar-gaske: akwatin roba mai gilasai biyu, a zura wayar hannu a gabansa, a kafa shi a ido. Abin da ke cikin wayar bidiyo ne da aka ɗauka da kyamara mai ganin kowace kusurwa lokaci guda, digiri 360. In mai kallo ta waiwaya hagu sai ta ga hagun ɗakin, in ta ɗaga kai ta ga fitilar rufi. Kamfanin Google ya fitar da na kwali a 2014 da sunan Cardboard, ya daina sayar da shi a 2021, amma na roba da aka kwaikwaya sun cika kasuwa kuma ba su da tsada.

An riga an gwada makamanciyar wannan hanya a ƙasashenmu. Dakta Rachel Umoren ta Jami'ar Washington a Amurka, da Farfesa Chinyere Ezeaka ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, da abokan aikinsu na Kenya, sun yi gwaji da nas-nas da ungozoma 274 a Legas da Busiya, inda aka yi amfani da waya da tabarau mai araha don tuna musu yadda ake farfaɗo da jaririn da aka haifa ba ya numfashi. Mujallar BMJ Open ta buga sakamakon a 2021. Bayan wata shida, masu tabarau ba su yi wa masu kallon bidiyo na yau da kullum wata rata mai yawa ba, kuma ma'aikata aka koyar, ba iyaye ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne wayar talaka tana iya aikin. Ni kuma abin da na ɗauka daga ciki shi ne kada a ɗora wa tabarau nauyin da ya fi ƙarfinsa. Gwaninsa sanin wuri ne: ya kai mutum cikin ɗaki tun bai shiga ba, ya saba da haskensa da ƙararsa. Aikin yatsu kuwa, irin tatsar nono, sai hannu da hannu.

Izini da ɗaukar ɗakin

A fara da takardar izini daga shugaban asibiti da shugabar sashen, a rubuce, kafin kyamara ta fito daga jaka. Sabha gari ne da ɗaukar hoto a ma'aikata ke iya jawo wa mutum tambayoyi, kuma akwai iyayen da takardunsu na zama ba su cika ba, waɗanda fuskarsu a bidiyo barazana ce gare su. Kyamarar nan kuma ba ta da baya, duk abin da ke ɗakin tana gani. Saboda haka mafi sauƙi a ɗauki kwalbar da ba kowa a ciki, a kwantar da 'yar tsana mai girman bakwaini, a liƙa mata wayoyin da robar hanci yadda ake yi wa na gaske. A rufe takardun da ke ɗauke da sunayen jarirai. Wadda za ta fito a matsayin uwa ta zama mai sa kai da ta fahimci inda bidiyon zai je.

A ɗauki ɗakin da uwar za ta shiga, ba wani ba. Akwai bidiyoyin ɗakunan jarirai na Turai da Amurka a YouTube, masu kyan gaske, amma matar da ta kalli ɗaki mai labule da kujerar hutu sannan ta shiga wani daban an ƙara mata ruɗani ne. Famfon da za ta wanke hannu, ƙofar da za ta tura, rigar da za a ba ta, su take bukatar gani.

Kyamarar 360 guda, irin Ricoh Theta ko Insta360, ta isa, kuma aro ma ya wadatar tunda aikin yini ɗaya ne. A kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku, daidai tsayin idon mace a tsaye, ko a zaune in wurin zama ake nunawa. Ƙa'idar da ba a karya ta: kada kyamara ta motsa. In aka yi tafiya da ita a hannu, idon mai kallo zai ce tana tafiya, jikinta ya ce tana zaune, sai jiri da tashin zuciya. A ɗauki kowane wuri daban, a haɗa su daga baya. Nas ɗin da ke nuni ta tsaya kamar taku biyu daga kyamarar, tana fuskantar ɗaya daga gilasanta biyu, don in ta tsaya a gefe inda hotunan biyu ke haɗuwa sai fuskarta ta tsage. Duka bidiyon kada ya wuce minti shida ko bakwai. A bar ƙarar na'urorin yadda take, ita ce rabin darasin.

Muryar da za ta yi bayani a naɗe ta daban a ɗaki mai shiru. Ta mace ce, dattijuwa in an samu, mai magana a hankali irin ta uwa ga 'yarta. Kuma a kula da Hausar: yawancin masu saurare daga Nijar suke, don haka a kauce wa kalmomin Ingilishi da suka zauna a bakin Kanawa, a faɗi abu a fili yadda 'yar Tawa da 'yar Zariya za su gane shi ɗaya. Duk inda aka ambaci wani abu da ma'aikata ke kira da Larabci, a faɗi sunansa na Larabcin sau ɗaya, don gobe shi za ta ji a bakinsu.

Abin da za ta gani

Wuri na farko bakin famfo ne. Muryar ta buɗe da gaisuwa: "Barka da arziki, 'yata. Allah ya raya. Zo mu shiga wajen yaronki, amma mu fara da hannu." A nuna cire zobe da awarwaro da agogo, naɗe hannun riga, sabulu har gwiwar hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade daƙiƙa 40 zuwa 60 ga wankin hannu da sabulu, kuma a bar bidiyon ya ci wannan lokacin duka ba tare da an yanke ba, don ta ji tsawonsa a jikinta. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce ga mutanen Sabha. A 2016 hukumar ta sanar da mutuwar jarirai 12 a sashen jarirai na wannan asibiti, ta danganta abin da ƙwayar cuta da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. Bakwaini ba shi da garkuwar jikin da zai yi faɗa da abin da babba ba ya ko ji. A ƙara mata cewa waya ma tana ɗauke da datti: in ta taɓa ta bayan wanki, sai ta sake.

Wuri na biyu gefen kwalba, kuma a nan ya kamata a daɗe. Muryar ta bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, tana ba ta lokacin juya kai. 'Yan maƙale-maƙalen da ke ƙirji saurare kawai suke yi, ba su huda fata, ba su da zafi. Jar fitilar da ke ɗaure a ƙafa ko hannu tana auna iskar oksijin a jini. Siririyar robar da ta shiga hanci ko baki ta tafi ciki ne, ta nan nononki ke bi har ya iya tsotso. In an rufe masa ido an kunna shuɗiyar fitila a kansa, maganin shawara ne, ba ciwon ido ba. Sai allon na'ura: bugun zuciyar jariri yakan kasance tsakanin 120 da 160 a minti, wanda ga babba gudu ne amma gare shi daidai ne, numfashi kuma 40 zuwa 60.

Daga nan a bar na'urar ta yi ƙara a cikin bidiyon, da gangan. Muryar ta ce: "Kin ji? Kada ki kalli allo, kalli yaro. Launinsa bai canja ba, ƙirjinsa na motsi. Ya motsa ƙafa ne, wayar ta goce." Nas ta zo ta gyara, ƙarar ta tsaya. Sannan a faɗa mata gaskiya cewa wani lokacin ƙarar ta gaske ce: bakwaini yakan manta ya yi numfashi, kuma in ta ga ya yi shiru ko leɓensa ya sauya launi, ta ɗaga murya ta kira nas, ba kunya a nan. Abu guda da za a ja mata kunne a kai, ita da maigidanta: kada kowa ya murɗa makunnin oksijin. Ga bakwainin da ke kan iska, likitoci sukan riƙe lambar oksijin a jininsa tsakanin 90 da 95. Uban da ya ga 92 ya ƙara iska don a kai 100 yana iya lalata idon ɗansa, domin oksijin da ya yi yawa na ɓata jijiyoyin idon bakwaini har ya kai ga makanta.

A nuna yadda ake taɓa yaron. Hannun uwa shafa yake so ya yi, amma fatar bakwaini ba ta jure shafa da jijjigawa. A buɗe tagar kwalbar a hankali, a ɗora tafi ɗaya a kansa, ɗaya a tafin ƙafafunsa, a bar su nan shiru. Ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta yi masa addu'a, ya san muryar tun yana ciki. Tofi dai a yi shi a zuci ko nesa da kwalba, kuma ba a ba shi rubutu, ko zamzam, ko ruwan dabino, don ɗigo kaɗan na iya bi ta hanyar iska.

Wuri na uku shi ne goyon ƙirji, wanda likitoci ke kira goyon kangaru. Dakta Edgar Rey ne ya fara shi a 1978 a wani asibitin haihuwa na Bogota a Kolombiya, inda kwalabe suka yi kaɗan. Wani babban gwaji da aka yi a Ile-Ife, Kumasi, Delhi, Bilantaya da Darussalam, aka buga a 2021, ya duba jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8: inda aka fara goyon nan da nan, ba a jira yaro ya murmure a kwalba ba, mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan shawararta, tana so a yi awa 8 zuwa 24 a yini. Ranar farawa dai likitan da ke duba yaron ne zai faɗa.

Bahaushiya ba baƙuwar goyo ba ce, sauyin kawai shi ne a gaba ne, kuma fata da fata. Yaro daga shi sai famfas da hula da safa. A tsayar da shi tsakanin nonuwa, ƙirjinsa a kan nata, kansa a juye gefe guda a ɗan ɗage haɓa don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu da hannuwa a lanƙwashe kamar na kwaɗo. A ɗaure da zane, bakin zanen na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, ɗaurin ya yi ƙarfi a bayansa amma kada ya matse cikinsa. Sai ta rufa da riga mai buɗewa ta gaba, hijabi kuma kada ya rufe fuskarsa, tana bukatar ganinta. In an ɗora shi, a bar shi aƙalla awa guda, don ɗauka da saukewa na gajiyar da shi. In barci za ta yi, a kishingiɗe, ba a miƙe ba. A wannan wurin a sauke kyamara daidai idon mai zaune, kusa da mai goyon, yadda mai kallo za ta ga inda bakin zanen ya tsaya.

Ranar nunawa

Ba kowace waya ce ke yi ba. A buɗe bidiyon 360 a juya wayar: in hoton ya bi juyin, tana da abin da ake bukata. A sauke bidiyon cikin wayar tare da manhajar da ke raba fuskarta gida biyu, don wuta da intanet na Sabha ba abin dogaro ba ne. A yi caji tun dare, a ajiye ta a inuwa, don da zafi takan ɗau ɗumi ta tsaya.

Kafin a miƙa wa mai jego tabarau a tambayi nas ko ta dace. Da yawa daga masu haifar bakwaini hawan jini ne ya sa aka ciro yaron da wuri. Mai ciwon kai, mai ganin dishi-dishi, wadda ta yi jijjigar haihuwa, mai farfaɗiya, wadda aka yi wa aiki jiya maganin barci bai gama sakinta ba, duk kada a sa musu. A nuna musu bidiyon a fuskar waya kawai, suna juya shi da yatsa, ko a jira. Mai ciwon ido ma haka, don kada ta bar wa ta bayanta. Tabaran na roba ne ake so saboda ana goge shi da sifirit bayan kowace mace, na kwali ba ya goguwa. Kuma a wajen ɗakin jarirai ake wannan aiki, ba ya shiga ciki.

Ta zauna a kujera mai jingina. A cire maɗaurin kai, ta riƙe da hannunta, yadda ba sai ta taɓa ɗankwali ba kuma duk lokacin da ta ga dama ta sauke. Mace 'yar'uwarta ta zauna kusa da ita. Wata za ta yi kuka da ta ga 'yar tsanar cikin wayoyi. A tsayar, a bar ta ta yi, a ci gaba in ta shirya. Gara kukan ya zo a nan da a bakin kwalba.

Tana saukewa kada a ce "Kin gane?", amsar kullum "E" ce. A ce: "Yaya, nuna min yadda za ki wanke hannu." A miƙa mata 'yar tsanar da zane: "Goya min shi." A gyara bakin zanen, a gyara haɓar, ta sake. Sannan a raka ta ciki a ranar, kafin abin ya huce, ta ɗora hannu a kan ɗanta nas na tsaye.

A nemi uban shi ma. Yawancin mazanmu a Sabha suna gona ko wajen gini har yamma, don haka a ware musu lokaci bayan Magariba. Shi ke yanke shawarar a zauna ko a ɗauke yaro a tafi gida, musamman in ranar suna ta matso, kuma wanda ya ga abin da kwalba ke yi da idonsa ya fi sauƙin yarda a yanka rago a raɗa suna yaron na asibiti. A gaya masa ƙirjinsa ma na goyo ne in uwar za ta yi wanka ko ta huta. A ƙasar baƙunta kaka ba ta kusa, maƙwabciya ce ke zaman jego, to ita ma a sa mata tabarau, don bakinta ne zai yi ƙarfi a gida.

Abin da ya rage wa hannu

Tatsar nono a zauna a koya ta jiki da jiki, tun awannin farko bayan haihuwa. Babban yatsa a saman baƙin da ya kewaye kan nono, manuni a ƙasa, a danna baya wajen ƙirji, a matse, a saki, ba a jan fata. Sau takwas aƙalla a yini da dare, har da tsakar dare. Ɗigon farko mai kauri, dakashi, wanda wasu ke zubarwa suna cewa ba shi da kyau, shi ya fi kowane daraja: a kwashe shi da sirinji ko da ɗigo biyar ne, cikin bakwaini ɗan mitsitsi ne, kuma nonon uwa na kare hanjinsa daga wani ciwo mai kisa da madarar gwangwani ke ƙara haɗarinsa. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi. Da bazarar Sabha, inda zafi ke haura digiri 40, a sa shi cikin kula mai ƙanƙara in daga Hajara za a kawo shi, da suna da lokaci a jikin mazubin.

Darasin komawa gida kuma hotuna da bidiyo na kusa sun fi masa, a tura mata a waya ta riƙa dubawa. Ta iya sa ma'aunin zafi a hammata ta karanta: 36.5 zuwa 37.5 ne daidai. Daren Disamba da Janairu a kudancin Libiya sanyi ne mai shiga ƙashi, maganinsa goyon ƙirji da hula, ba kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba, wanda hayaƙinsa marar wari ke kisa. Da zafi kuma kada a kwantar da shi a saitin na'urar sanyaya ɗaki. Turaren wuta a kai shi waje. Ba kwalli, ba lalle a jikinsa, ba kafur a kayansa, don lalle da kafur na fasa jinin wasu jarirai su jawo shawara mai tsanani. Ba gashin cibiya, ba cire belu. Wanka a jinkirta, a riƙa goge shi da tsumma mai ɗumi har ya yi ƙwari. Masu barka su wanke hannu, mai mura ya yi gaisuwa daga ƙofa.

A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in ya ƙi tsotso, in jikinsa ya yi sanyi ko zafi, in numfashi ya wuce 60 a minti ko ƙirji na faɗawa ciki ko yana nishi, in ya saki jiki ba ya motsi, in ya yi jijjiga, in tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Kafin su fita ƙofa a rubuta musu ranar awon nauyi, kuma in yaron ƙarami ne ƙwarai ko ya daɗe a kan oksijin, a tambayi likita ranar duba idonsa, wadda takan kama wajen wata guda da haihuwa, a sa ta a takardar sallama da lambobi manya yadda uban zai iya karantawa.